Kalmar Tsarki a Bakin Maƙwabtanmu: Yadda Koyarwar Tsarkakewa Ta Zauna a Ƙasar Kafanchan

Yau da wani tsohon labari zan fara. Ina ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, ina taya mahaifina zaman rumfa a kasuwar Kafanchan, sai ga wani magidanci Kirista, kafinta, ya zo ya durƙusa a bakin rumfar, ya zaro kuɗi daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Ya ce shekara huɗu da suka wuce ya sayi yadi a wurin Baba, aka yi kuskuren canji aka ba shi fiye da haƙƙinsa, ya gani sarai amma ya yi gum. Baba ya ce shi kam bai tuna ba, kuma ya yafe. Mutumin ya ce, "A'a Alhaji, don Allah a karɓa. Allah yana tsarkake ni ne, abin nan ya hana ni barci." Da ya tafi, Baba ya juya wajen maƙwabcinsa mai sai da hula ya ce, "Malam, ka ji wani zance. Me ya haɗa tsarki da canjin yadi?"

Tambayar Baba ba ta wasa ba ce. Mu a wurinmu in an ce tsarki, buta ce da ruwa ke fara zuwa a rai, sai babin alwala da wanka a Ahalari da Ishmawi. Ga mutum kuma yana magana da Hausa tsantsa, kalma ɗaya muke furtawa da shi, amma abin da yake nufi daban. Mun yi kusan ƙarni guda muna zaune katanga ɗaya da waɗannan mutane, muna jiyo waƙoƙinsu kowace Lahadi da harshenmu, amma in ka tare goma daga cikinmu ka ce su faɗa maka abin da Kirista ke nufi da tsarkakewa, da wuya ka sami ɗaya. Shi ya sa na ga ya dace mu bi sawun wannan koyarwa, mu ga ta ina ta shigo ƙasar nan, da abin da ta yi wa mutanen da suka karɓe ta.

Sai mu fara da kanmu. Masarautar Jama'a ta kafu ne wajajen 1810, a zamanin jihadi, tana ƙarƙashin Zazzau, kuma babu amfanin ɓoye cewa cikin gaisuwar da take aika wa Zariya har da bayi, waɗanda ake kamowa daga ƙabilun da ke kewaye. Jikokin waɗanda aka kai wa harin ba su manta ba, ko da mu mun manta. Garin Kafanchan kuwa, kamar yadda muka san shi, ɗan jirgin ƙasa ne. Ƙasar Fantsuwam ce, sai layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratso ta wajajen 1927, aka yi mahaɗa a nan, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos. A 1933 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a daga Jama'a Sarari zuwa Kafanchan. Kakannin da yawa daga cikinmu a wannan tsakanin suka sauka, mahauta da 'yan koli da fataken goro da leburorin reluwe, tare da Ibo da Yarbawa da suka zo aikin tasha.

To amma 'yan mishan sun riga jirgi isowa. A ƙarshen 1893 wasu samari uku suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan, kamar yadda Turawa ke kiran yankinmu a lokacin: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Shekara ba ta zagayo da kyau ba biyu suka mutu, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent a Bida, duk a 1894. Bingham kaɗai ya tsira, shi ne kuma ya gina ƙungiyar da aka sani da Sudan Interior Mission, wato SIM. Sai a 1902 suka samu suka kafa tasha ta farko a Pategi. Da Turawan mulki suka ci ƙasar Hausa, sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka aka taƙaita wa 'yan mishan shiga garuruwan Musulmi, aka bar musu ƙasashen da ba su musulunta ba. A 1910 SIM ta buɗe tasha a Kwoi, cikin Jaba, daga baya wajajen 1927 ta buɗe a Kagoro. Mai karatu ya lura, waɗannan wurare biyu suna cikin 'yan yankunan da ke da sarautarsu ta kansu, ba a ƙarƙashin wani sarkin Fulani ba. A farkon shekarun 1930 aka fara makarantar koyon Littafi a Kagoro, wadda ta zama makarantar tauhidi ta ECWA da ke nan har yau.

A nan ne abin mamakin yake. Ƙasar nan harsuna ne birjik, Jaba da Kaje da Kataf da Kagoro da Kaninkon da Marwa da sauransu, wani ƙauyen ba ya jin na gaba da shi. 'Yan mishan ba su da mutanen da za su fassara Littafi cikin kowanne, sai suka ɗauki harshen kasuwa, wato Hausa. Harshen da mutanen nan suka sani a bakin mahara da masu karɓar haraji, shi ya zama harshen addu'arsu. Tun a shekarun 1850 wani Bajamushe, Schön, ya fara fassara sassan Linjila da taimakon Dorugu, amma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa sai a 1932 ya fito, kuma Dokta Miller na Zariya da Wusasa shi ne ƙashin bayan aikin. Masu fassarar ba su ƙirƙiro kalmomi daga sama ba. Rumbun malamanmu suka shiga suka ɗebo: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, sujada, alkawari, Almasihu. Da suka zo kan siffar Allah ta ɗaukaka da kuɓuta daga kowane aibi, sai suka ɗauki tsarki, kalmar da mu ma muke amfani da ita in muna fassara tasbihi. Daga nan aka sami Ruhu Mai Tsarki, da tsarkaka, wato masu bi, da tsarkakewa. Kalmar tamu ce, amma kayan da aka ɗora mata daga wata ƙasa aka yo dakonsu.

Mene ne kayan? Zan faɗe shi yadda su suke faɗa, ba tare da na sa musu baki ba. A koyarwar cocin da suka fito daga SIM, ana raba abu biyu. Na farko shi ne barata: mutum mai zunubi ne tun asali, ba zai iya biyan bashin da ke kansa ba, sai ya ba da gaskiya ga mutuwar Yesu a kan gicciye, Allah ya lasafta shi marar laifi. Wannan hukunci ne, sau ɗaya ake yanke shi, kamar alƙali ya sallami wanda ake tuhuma. Na biyu shi ne tsarkakewa, wato abin da ke biyowa baya: Ruhu Mai Tsarki ya zauna cikin mai bi, yana sāke halinsa sannu a hankali, yana kashe tsohon hali yana rayar da sabo, har ranar mutuwa. Na farko ya canza matsayin mutum, na biyu yana canza mutumin kansa. Kuma suna nanata cewa jerin ba ya juyawa. Ba don ka gyaru aka karɓe ka ba, don an karɓe ka ne ake gyara ka.

Hujjar da suka fi kawowa ita ce wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga mutanen Korinti. Ya buɗe ta yana kiransu tsarkaka, sannan ya shafe surori yana yi musu faɗa kan rarrabuwar kai da kai juna ƙara da fasikanci, har da masu buguwa a wurin jibin Ubangiji. Ke nan tsarkaka ba ya nufin waɗanda suka gama, yana nufin waɗanda aka keɓe. Sai kuma wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa, sura ta 2, inda a numfashi guda ya umurci mai bi ya dage da ƙoƙari, ya kuma gaya masa cewa niyyar da ikon duk Allah ne ke sa su a cikinsa. A kan wannan gaɓa Kiristoci suka yi ƙarnoni suna ja-in-ja: ina aikin Allah ya tsaya, ina na bawa ya fara? Wanda ya taɓa zama a zauren da ake karanta babin ƙaddara ba zai ji wannan gardama baƙuwa ba.

Bingham da mutanensa ba hannu rabbana suka shigo wannan gardama ba, suna da ɓangare. A Ingila ta ƙarni na 18, John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, ya koyar da cewa bayan tuba akwai wata baiwa ta biyu, inda Allah kan cika zuciyar mai bi da ƙauna har ta rabu da zunubin ganganci tun a nan duniya. Wasu suka ce ya wuce gona da iri. A 1875 aka fara wani taron shekara-shekara a garin Keswick, a arewacin Ingila, wanda ya bi tsaka-tsaki: ba a tumɓuke saiwar zunubi kafin mutuwa, amma wanda ya miƙa kansa ɗungum, Ruhu zai riƙa danne masa ita kullum, ya yi zaman nasara. Wannan taro ya tura ɗaruruwan samari da 'yan mata aikin mishan a Afirka da Asiya. Shi Bingham a hannun Salvation Army ya tuba, su kuwa reshen Wesley ne a wannan mas'ala, sannan a 1924 shi da kansa ya kafa irin taron Keswick a Kanada. Saboda haka Kiristancin da ya sauka Kwoi da Kagoro ba na sunan yanka ba ne. Iri ne mai tambayar mutum kowace safiya: me ka bari, me ya rage ba ka miƙa ba?

Da wannan tambaya ta faɗo cikin ƙauyen Jaba ko Kagoro na shekarun 1930, amsarta ba ta tsaya a zuci ba. Abu uku ta fi cin karo da su. Na farko burkutu. Mu mun saba ɗaukarsa abin maye kawai, amma a wurin mutanen ƙasar shi ne ladan gayya, shi ake zubawa a biki da makoki, da shi ake sulhu, da shi ake gaida magabata. Mai bi da ya ce ya daina sha, kuma matarsa ta daina dafawa, ya fita daga gayya ke nan, wa zai taya shi noma? Dole masu bi suka haɗa tasu gayyar, ana dama kunu a madadin giya. Na biyu dodo, ƙungiyar asiri ta maza wadda ke riƙe da dokar gari, tana shigar da yara maza cikin manyanci, tana tsoratar da mata da muryar da aka ce ta kakanni ce. Wanda ya tuba ya ƙi kai ɗansa, ko ya tona wa matarsa asirin muryar, ya taɓa ginshiƙin mulkin dattawa, kuma an doki mutane an kore su daga gida a kan haka.

Na uku shi ne mafi ciwo, wato aure. SIM ba ta yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. Ga shi kuma tsarin auren ƙasar ya sha bamban da wanda muka sani. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya rubuta tarihin mulkin Zazzau, ya yi bincike a Kagoro ya buga bayani a 1953 kan yadda mace kan iya komawa gidan wani miji na biyu ba tare da igiyar farko ta tsinke ba. To a irin wannan hali, wace ce matar gaskiya, wane ne mijin gaskiya? Dattawan ikilisiya sun sha zama har dare kan irin waɗannan shari'o'i. Magidanci mai mata uku da ya ba da gaskiya, ko dai ya sallami biyu, da 'ya'yansu da komai, ko ya zauna shekara da shekaru yana zuwa sujada ba baftisma ba jibi. Ni dai a ganina matan da aka sallama su suka biya kuɗin tsarkin da aka rubuta da sunan mazajensu, kuma ban ga an cika ambatonsu ba in ana ba da labarin jaruman farko.

Daga nan aka sami abin da suke kira horo. Mai bi da aka kama da zina ko shan giya ko zuwa wurin boka, a sanar da laifinsa a gaban jama'a, a hana shi jibi na wasu watanni, a wasu wuraren ma a mai da shi bencin baya har ya nuna tuba. Wannan ya gina al'umma mai kunya da riƙon amana, ba na musu. Iyayenmu da kansu sun san wanda za su ba bashi ba tare da shaida ba. Amma akwai tarko a ciki, kuma fastocinsu sun riga ni faɗa. Koyarwar da ta fara da cewa aikin Allah ne a cikin zuciya, sai ta koma jerin abubuwan da ido ke gani: ba ya sha, ba ya busa taba, ba ya rawa, matarsa ɗaya. Girman kai da ƙeta da cin amanar marayu ba su da wari kamar burkutu, saboda haka su kan wuce dattawa salin alin. Mu ma mun san wannan ciwo a gidanmu, inda tsawon gemu da ɗagewar wando kan rufe mugun awo.

Ba dukan Kiristocin ƙasar ne suka bi wannan hanya ba. Limaman Katolika na ƙungiyar SMA, yawancinsu 'yan Ailan, sun shigo da makarantu da wata fahimta daban. Su tun a taron Trent, a 1547, suka ƙi raba barata da tsarkakewa gida biyu, suka ce yafewa da sabuntawar ciki tafiya ɗaya ce, tana farawa da baftisma, ana ciyar da ita da jibi da furta zunubi a gaban fada. Giya kuwa ba su haramta ta ba, buguwa suka hana. Wannan bambanci kaɗai ya raba ƙauyuka da dangi, har yau ana zolayar juna a kansa. A 1995 aka ba Kafanchan daular bishop tata ta Katolika, wanda ya fara riƙe ta kuwa shi ne Joseph Danlami Bagobiri, ya rasu a 2018. Ku dubi sunan ma kawai, ku ga iyakar inda Hausa ta shiga.

A 1954 cocin SIM suka haɗu suka zama ECWA, ragama ta fara komawa hannun 'yan ƙasa. Kafin nan, a 1945, Kagoro ta naɗa Gwamna Awan, wanda ya yi karatu a hannun mishan, ya kuma yi shekara 63 a kan gado har rasuwarsa a 2008. Sarki Kirista a ƙasar dodo ba ƙaramin sauyi ba ne, domin abin da aka kori mutane saboda shi jiya, yau ya hau karaga. A shekarun 1960 kuma aka ƙaddamar da shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda wani malamin makarantar Kagoro, Gerald Swank, ya assasa: ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, kowane mai bi ya zama mai wa'azi. Sunan ma ya isa bayani, sabon rai ake nema, ba sabon suna ba. Matan Zumunta, da ɗaurin zanensu iri ɗaya da tulun kiɗansu, su suka ɗauki wannan saƙo gida-gida fiye da kowane fasto.

Mutumin da ya fi kowa fito da tunanin wannan zuriya fili shi ne Byang Kato, ɗan Kwoi, an haife shi a 1936. Gidan masu riƙe da al'adar gargajiya ya fito, ya tuba yana yaro, ya yi karatu a Igbaja da Landan da Dallas ta Amurka, ya riƙe sakataren ECWA daga 1967, sannan a 1973 ya zama babban sakataren ƙungiyar cocin bishara ta Afirka baki ɗaya. A littafinsa na 1975, Theological Pitfalls in Africa, ya yi faɗa da malaman Kirista na Afirka da ke neman sassauci da addinin kakanni. Shi a ganinsa a yi Kiristanci da harshen gida da kiɗan gida, amma kada a gauraya bauta. A watan Disamba na wannan shekarar ya nitse a teku kusa da Mombasa, yana ɗan shekara 39. Masu sukarsa sun ce muryar Turawan mishan ce a bakin Bajabe. Masu kare shi sun ce wanda ya girma a gidan dodo ya fi ɗan jami'a sanin abin da ya gudo ya bari.

Kafintan da ya zo rumfar Baba kuwa, ɗan wani zango ne na gaba. Bayan yaƙin basasa wata iska ta taso a makarantun sakandare da jami'o'i. Samari suka fara ganin cocin iyayensu ya yi sanyi, suka ce zuwa sujada ba ya mai da mutum Kirista sai an sāke haihuwarsa. A arewa ƙungiyar ɗalibai ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ita ce babbar hanyarsu. A Ikko kuma wani malamin lissafi na jami'a, W. F. Kumuyi, ya fara karatun Littafi da mutum 15 a 1973, abin da ya zama cocin Deeper Life. Shi ya dawo da koyarwar Wesley da ƙarfinta, cewa tsarkakewa baiwa ce ta biyu da ake nema a samu bayan ceto, ya kuma haɗa ta da mayar da haƙƙi: kuɗin da ka ci, takardar jarrabawar da ka sata, ƙaryar da ka yi, ka koma ka gyara da mai shi, ba Allah kaɗai za ka roƙa ba. Ƙananan littattafansu da kaset-kaset sun shiga har gidajen da ba 'yan cocinsu ba. Ban tambayi kafintan cocinsa ba, yaro ne ni, amma maganarsa irin tasu ce sak.

Abin da ya kamata mu lura shi ne a daidai wannan lokaci mu ma tamu iskar ke kaɗawa. A 1978 aka kafa Izala a Jos, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS kuma tana ƙara zafi a makarantu. Samari biyu, aji ɗaya, ɗakin kwana ɗaya, kowanne ya gano cewa addinin iyayensa ya gauraya, kowanne yana neman tsantsa. Asalin ma'anar tsarki a Littafinsu keɓewa ce, kuma keɓewa tana da fuska biyu: a keɓe daga zunubi, ko a keɓe daga maƙwabci. A zamanin iyayenmu, Kirista kan kira Musulmi ya yanka masa akuyar Kirsimeti don maƙwabta su iya ci, mu kuma mu aika musu da naman layya. A shekarun 1980 aka fara samun masu ƙyamar wannan ta kowane ɓangare.

Ranar Juma'a 6 ga Maris 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ɗalibai Kirista suna taron wa'azi, mai jawabin wani ne da ya bar Musulunci, ya taɓo Alƙur'ani a cikin maganarsa, ɗalibai Musulmi suka ce ya yi ɓatanci. Faɗa ya tashi daga makaranta ya shiga gari, aka kashe mutane aka ƙone masallatai, cikin 'yan kwanaki wuta ta kama Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, inda aka ƙone coci masu yawa. Ba na cewa koyarwar tsarkakewa ce ta kunna wannan wuta. Tsohon miki ne na sarauta da ƙasa da bauta, shi ya sake fashewa a 1999 kan naɗin Sarkin Jama'a, ya kuma fashe a 2011 bayan zaɓe, lokacin da kasuwar da na ba ku labarinta ta ƙone. Amma waɗanda suka fara ɗaga murya a 1987, ta nan da ta can, yaran da suka fi kowa damuwa da tsarki ne, kuma wannan ya daɗe yana damuna.

In za mu nemi abin da ya fi kusa da tsarkakewarsu a wurinmu, ba a babin ɗahara za mu same shi ba, sai a tazkiyya, wato gyaran zuciya daga hassada da riya da girman kai, abin da Imam Gazali ya cika littattafai da shi, malaman ɗariƙa kuma suke kira tarbiyya. Mu ma muna cewa ba mai gyaruwa sai da taufiƙin Allah, kuma tuba daga haƙƙin mutum ba ta cika sai an mayar masa da abinsa. Da kafintan ya ce ya zo sauke haƙƙi ne, da Baba bai yi tambaya ba. Amma kada mu yi saurin cewa ai duk ɗaya ne, don ba ɗaya ba ne, kuma su ma ba za su yarda ba. Su sun kafa tasu a kan zunubin gado da fansar gicciye, mu ba mu yarda da ko ɗaya ba. Ruhu Mai Tsarki a wurinsu Allah ne da kansa yana zaune cikin mutum, Ruhul Ƙudusi a wurinmu Mala'ika Jibrilu ne. Kalma ɗaya ce a baki, aƙida biyu a ƙasa, kuma na fi ganin girman wanda ya san bambancin ya zauna lafiya da maƙwabcinsa a kan wanda bai sani ba.

Yanzu ma kalmar tana ja da baya a bakinsu. Sababbin cocin da suka cika gari da Turanci suke wa'azi, kuma a yawancinsu zancen buɗi da warkarwa ya fi na tsarki kasuwa. Wasu ƙabilun kuma suna ta ƙoƙarin fassara Littafi cikin harsunansu, don su sauke Hausar da suke gani rigar aro ce. Tsofaffin Matan Zumunta ne suka rage suna rera ta yadda aka koya musu a Kagoro.

Kuɗin kafintan kuwa, Baba bai zuba su cikin ciniki ba. Ya ce tunda ya riga ya furta ya yafe, sun fita daga hannunsa, shi kuma mai kawowa ya ƙi ɗauka, saboda haka ba na kowa ba ne a cikinsu. Ya naɗe su a takarda ya sa a ƙarƙashin tabarma, ranar Juma'a ya ba ni ya ce in miƙa wa makafin ƙofar masallaci. Bayan wata biyu da bencin rumfarmu ya karye, mutumin nan ya aike ni in kira.